Kwalekwale a Ƙugiyar Mahauci

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, kuma har na ba shekara arba'in baya ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Makka gari ne na dutse da kwalta. Ruwan da muka sani shi ne na tanka, sai ambaliyar da kan gangaro daga kan duwatsu in an yi ruwan sama, ta kwashi motoci ta jibge su wuri guda, kafin yamma ta ƙafe kamar ba a yi ba. Sana'ata gyaran mukayyif ce, na'urar sanyaya ɗaki. A kan tsani nake yini, a bayan masaukan alhazai.

Yayan matata ne ya jawo ni harkar ruwa. Mahauci ne a unguwar Misfala, ƙato mai kaurin wuya, kuma tun kafin in auri ƙanwarsa Yaya nake ce masa. Yana da kyauta, amma hannunsa ya fi bakinsa sauri, kuma duk layin sun san ba a yi masa gardama yana riƙe da wuƙa. Babu abin da yake so kamar fita daji ranar hutu, a hura wuta, a gasa nama. Da ya gaji da kwaruruwan da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa, sai mai kawo masa ƙanƙara ya ba shi labarin wani wuri a bakin teku, kudu da garin Lis, inda ruwa ke kutsawa cikin ƙasa tsakanin itatuwan shura, waɗanda ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. Mota ba ta isa can, domin a gabansa akwai wani fili mai faɗi wanda samansa busasshen gishiri ne, ƙasansa kuwa laka kamar kunu. Duk abin da za ka kai wurin, a bayanka za ka kai shi.

Saboda haka Yaya ya nace sai kwalekwale mai naɗewa, irin wanda ake kwancewa a zuba a jaka. Wani abokinsa mai sayar da kayan fita daji a Jidda ya ara mana iri biyu, ya ce mu duba mu zaɓa. Na farko babba ne, na mutum biyu. Ƙasusuwansa bututun ƙarfe ne marasa nauyi da ake zura wannan cikin wannan, sannan a sa musu riga ta roba mai kauri kamar tamfal. Na biyun ƙanana ne guda biyu, kowa da nasa, na farar roba mai tauri da ake lanƙwasawa kamar kwali.

Ni ƙananan nake so. Na san bayana, na san yadda yake min in na hau bene da injin mukayyif. Yaya ya ce waɗannan kwalin takalma ne, ba zai sa jikinsa a ciki ba. Na ce to a auna a gani, domin abin da aka rubuta a jikin kwali ba lallai ya haɗa da kujeru da filafilai da jakar kanta ba.

Wata Talata bayan la'asar, da ya wanke shago, muka shigo da su. Sikelin da yake auna manyan cinyoyi na ratayewa ne, yana da ƙugiya da fuska kamar ta agogo. Muka fara da ƙananan. Kowane ya ɗan haura kilo goma, da filafilinsa da komai. Na ɗaga ɗaya da hannu guda na nuna masa. Bai ko dube ni ba. Ya rungumo jakar babban ya rataya, allura ta zabura ta wuce ashirin da huɗun da aka rubuta a kwali, ta wuce talatin, ta tsaya tana rawa. Kafin in buɗe baki igiyar jakar ta tsinke. Jakar ta faɗo a kan babban yatsan ƙafata, bututun suka tarwatse a kan tayil suna ƙara. Farcen ya tsage gida biyu, jini ya cika min silifa.

Ina durƙushe ina riƙe da ƙafa, sai na ji dariya a bakin ƙofa. Wani mutum ne da ban sani ba, sanye da farar riga mai guga, makullin mota a yatsa. Ya zo neman hanta, ya tarar da mu a haka. Ya tambaya mene ne wannan, Yaya ya ce masa jirgin ruwa ne. Mutumin ya dube mu daga sama har ƙasa, ya ce da Larabci in dai na komawa ne, to yana addu'a ya kai mu har inda kakanninmu suka fito.

Ni a nan aka haife ni, nan aka haifi ubana, kuma na sha jin irin wannan magana har ta daina hana ni cin abinci. Yaya bai taɓa sabawa da ita ba. Ban ga lokacin da ya tsallake teburin ba. Ya damƙi mutumin a wuyan riga, ya ɗaga shi, ya maka bayansa da firjin nama har gilashin ya tsage. Ya sake makawa. Ya ba shi mari da bayan hannu, leɓensa ya fashe, jini ya zubo a farar rigar. Abin da na iya yi shi ne na ja jiki na kwashe wuƙaƙen da ke kan gungume na watsa su ƙarƙashin tebur, sannan na rataya a wuyan Yaya ta baya ina kiran sunan Allah. Bai ma san ina wurin ba. Sai da mai shagon burodi da wasu dattawa biyu suka shigo aka ɓamɓare hannunsa. Dattawan suka shiga tsakani, domin ɗayansu ya ji abin da mutumin ya faɗa, aka kashe maganar a nan ba ta je ga hukuma ba.

Da aka watse, Yaya ya tsaya yana haki. Ya sa ƙafa ya ture ƙananan kwalekwalen gefe, ya ce babban za mu ɗauka. Muka raba shi jaka biyu a kan sikelin nan, robar a wajensa, ƙarafan a wajena, muna ciro wannan muna mayar da wancan har allura ta kusa daidaita. Muka auna ruwan sha, muka ga ya fi jirgin nauyi. Muka auna tukunya da gawayi da dabino. Duk abin da na ce a rage, sai ya ɗauke shi ya cusa a tasa jakar.

A tsakiyar sanyi muka tafi, bayan yatsana ya warke. Mun yi sallar asuba a Ka'akiyya, inda nake zaune da iyalina, muka kama hanyar kudu. Da hantsi muka bar kwalta, muka bi sawun tayoyi har inda ƙasa ta fara laushi, muka ajiye mota. Tafiyar filin gishirin nan ba zan manta ta ba. Ka taka, ɓawon ya fashe, ƙafa ta nutse har idon sawu, ka zaro ta da baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙarafan suna sukar kafaɗata a kowane taku. Na faɗi sau da yawa. Yaya yana gaba, kaya sun yi masa tsiri a baya, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Da muka isa bakin ruwa muka haɗa jirgin, muna zagin juna a kan wane bututu ne ke shiga wane. Amma da ya hau ruwa, muka zauna a ciki, sai zagin ya ƙare. Ruwan garau yake, ana ganin yashi a ƙasa da ƙananan kifaye suna tserewa daga inuwarmu. Itatuwan shura sun rufe mu hagu da dama, fararen tsuntsaye masu dogon wuya suna tashi a gabanmu. Ba mu iya tuƙi ba, jirgin yana ta juyawa, Yaya yana dariya kamar yaro. Can nesa, wajen bakin teku, mun hangi wani masunci a jirgi mai inji yana jan koma. Shi kaɗai ne ɗan Adam da muka gani.

Da azahar muka sauka a wani tudun yashi mai tsawo da ya haɗe da gaɓa. Muka jawo jirgin tudu, muka yi salla, Yaya ya hura gawayi. A nan raƙuman suka ɓullo. Taguwoyi ne da 'ya'yansu, sun shiga ruwa har gwiwa suna cin ganyen shura, babu makiyayi tare da su. A bayansu akwai amale, wato namijin garken, baƙi-baƙi, ya fi su girma nesa ba kusa ba. Bai cin komai. Kumfa ta rufe masa baki, yana kaɗa jela yana watsa fitsari a bayansa, yana cizon haƙora da wata ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Can sai wani jan nama ya bulbulo daga gefen bakinsa kamar balan-balan, yana gurnani ta cikinsa. Lokacin barbararsu ne, kuma ko ni da ba na harkar dabbobi na san ba a kusantar amale a wannan hali.

Na ce, "Yaya, mu tura jirgi mu bar musu wurin."

Ya ce, "Nama na kan wuta. Raƙumi nawa na soke da hannun nan?"

Amalen ya baro ruwa ya nufo mu, kansa a ƙasa, wuyansa a miƙe. Yaya ya tashi ya ɗauki tawul, ya tare shi yana kaɗawa yana daka masa tsawa irin wadda yake yi a mayanka. Na ga raƙumin ya ɗan tsaya, har na ɗauka ya ji. Sai ya zabura. Ban taɓa sanin abu mai girma haka yana da irin wannan sauri ba. Ya buɗe baki ya kama Yaya a dantsen dama, sama da gwiwar hannu, na ji ƙashi ya karye daga inda nake tsaye. Ya ɗaga shi sama, mutumin da ni ban iya ko motsa shi ba, ya girgiza shi hagu da dama kamar tsumma, ya buga shi da ƙasa. Bai saki ba. Ya sake ɗagawa ya sake bugawa. Yaya bai yi ihu ba, wani irin nishi kawai yake yi, yana dukan hancin raƙumin da hannun hagu.

Na ɗauki filafili na ruga. Na sauke masa shi a wuya da duk ƙarfina, na sake, na sake, a karo na gaba filafilin ya karye ya bar min guntu mai tsini a hannu. Raƙumin ya saki hannun, ya juyo ya hankaɗe ni da kai, na faɗi da baya, numfashina ya ɗauke. Da na ɗago sai na ga ya tsaya a kan Yaya yana lanƙwasa ƙafafun gaba. Haka suke kashewa, su durƙusa a kan mutum su murƙushe shi da ƙirji.

Jirgin yana kusa da ni. Ban yi tunani ba, na kama bakinsa na ja shi a kan yashi, na kifa shi a kan Yaya daidai lokacin da raƙumin ke saukowa. Ƙirjinsa ya sauka a kan jirgin. Na ji bututun suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya, robar ta lotsa, amma akwai sauran sarari a ƙarƙashi, domin ina jin Yaya yana salati a ciki. Raƙumin yana ta murza ƙirji yana cizon robar, kansa ya zo daidai ƙuguna. Jan naman nan ya sake bulbulowa daga bakinsa. Na riƙe guntun filafilin da hannu biyu na soka shi a ciki, na danna har ya shige.

Ƙarar da ya yi har yanzu nakan ji ta. Jini da kumfa suka wanke min fuska. Ya miƙe da ƙyar yana kaɗa kai, ya kai min shuri da ƙafar gaba ya same ni a cinya, na sake faɗuwa. Na ɗebi garwashi da murfin tukunya na watsa masa a fuska. Sai a nan ya ja da baya, ya juya, ya kora taguwoyinsa suka bi gaɓa, yana tafe yana zubar da jini a yashi.

Na ɗaga jirgin. Hannun Yaya yana kwance ta inda hannu bai kwanciya, naman dantsen a buɗe, jini na fita da ƙarfi. Fuskarsa ta yi toka. Na tsinke igiyar jaka na ɗaure sama da raunin, na zura cokali na murɗa har jinin ya tsaya. A nan ne ya yi ihu, sau ɗaya. Na naɗe sauran da tawul. Waya ba ta kamawa. Na dubi filin gishirin da muka ratso, na san ko shekara zan yi ba zan iya ɗaukarsa in kai mota ba.

Na juya jirgin na duba. Gefe ɗaya ya lotse, ƙarafa da dama sun karye, akwai sawun haƙora a robar, amma ba ta huje ba. Na taka ƙarafan da ƙafa na ɗan miƙar da su. Na zubar da komai, tukunya da gawayi da tabarma, na bar jarkar ruwa ɗaya. Na ja Yaya ta hammata na kwantar da shi a ciki, na tura, na shiga da filafilin da ya rage. Jirgin ya karkace, ruwa na leƙowa ta gefen da ya lotse, dole na jingina jikina ɗaya gefen ina tuƙi a haka. Na nufi inda muka hangi masuncin. Jini da ruwan gishiri suka taru a ƙasan jirgin suna kai da komo a ƙafafuna. Duk lokacin da Yaya ya lumshe ido sai in watsa masa ruwa, in bai buɗe ba in mare shi. Na mare shi a ranar fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Sau ɗaya ya buɗe ido ya ce min in ya tashi sai ya karya ni, na ce Allah ya sa.

Rana ta yi sanyi kafin mu fito bakin teku. Masuncin yana nan. Na cire riga na ɗaura a filafili ina kaɗawa har ya gan mu. Mutumin Yaman ne, dattijo, bai tambaye mu komai ba. Ya yanke komarsa ya bar ta a ruwa, muka ɗora Yaya a jirginsa, ya tayar da inji. Namu jirgin a can muka bar shi yana shawagi.

An yi wa Yaya aiki a asibitin da ke kusa, aka dawo da shi Makka aka sake yi. Ba a yanke hannun ba, amma yatsun sun daina rufuwa. Matata ta yi makonni ba ta yi min magana in ba ta kama dole ba, tana ganin da na hana shi da bai je ba. Yaya ya ɗauki wani Basudane yana yi masa yanka da fiɗa, shi kuma yana zaune a kujera yana kallon yadda ake riƙe wuƙarsa.

Bayan azumi sai ga mai raƙuman. Masuncin ne ya kai masa labari, shi kuma ya yi ta cigiya har ya samo shagon. Tsohon Balarabe ne na ƙauye, siriri, ya zo da 'ya'yansa maza biyu. Ya sumbaci Yaya a ka, ya ce amalen ya warke amma ba ya son ya ƙara ganinsa a garkensa, ya kawo shi a mota, yana kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya, na Yaya ne ya yi yadda ya ga dama da shi. Na yi zaton Yaya zai ce a sayar ko a yi sadaka da shi. Ya ce shi zai soke shi da kansa.

Na roƙe shi a mota ya bar wa wani yankan, Basudanen ma ya roƙe shi. Ya ƙi. A mayanka aka durƙusar da raƙumin, aka dabaibaye ƙafafunsa, aka ja kansa gefe da igiya. Zafi ya shigo, haukan ya sake shi, ya rame, yana ta tuƙa abinci kamar kowane raƙumi. Da ƙyar na gane shi, sai ta tabon bakinsa. Yaya ya karɓi wuƙa da hannun hagu, ya yi bismilla, ya soka a gindin wuya. Wuƙar ta goce ta shiga gefe. Raƙumin ya yi wani irin kuka, ya fizge kai, mutum uku suka zube. Yaya ya zare ya sake sokawa, ya sake kuskurewa. Jini ya yi tsartuwa ya jiƙa shi daga gemu har ƙafa, dabbar tana birgima tana neman tsinke dabaibayi. Basudanen ya zo ta bayansa, ya zare wuƙar daga hannunsa, ya gama da suka ɗaya.

Yaya ya koma gefe ya zauna a kan bokitin da aka kifa, yana kallon ƙasa. Tsohon ya tsuguna kusa da shi. Da aka fara fiɗa Yaya ya kira ni, ya ce in kai shi gida ya yi wanka, kada yara su gan shi a haka, mu shiga ta ƙofar baya.

An raba naman a Misfala da Jarwal, gida-gida. An kawo mana cinya guda. Matata ta ce ba za a dafa naman a tukunyarta ba, sai na saɓa shi na hau da shi bene na ba wasu ɗalibai 'yan Sakkwato da ke haya a samanmu. Washegari ɗayansu ya tare ni a matakala ya yi godiya, ya ce sun yini suna dafa shi bai yi laushi ba, amma sun cinye.